Sauri da Alƙibla: Nasiha ga Matasa Masu Neman Ilmi

Ya ku 'ya'yana da ƙannena masu neman ilmi, maza da mata, na ga ya dace in ɗan tattauna da ku a kan wata mas'ala daga cikin mas'alolin ilmin fiziks, wanda malaman Larabci na dā suke kira ɗabi'iyyat, domin ko da yake mas'alar ƙarama ce a ido, har malami yakan gama bayaninta a darasi guda, na lura cewa ɗalibai da yawa suna tuntuɓe da ita a zauren jarrabawa, manya kuwa da suka daɗe da barin makaranta suna tuntuɓe da ita a sha'anin zaman duniya, ba tare da sun san sunan abin da ya kayar da su ba.

Bari in fara da abin da ya faru da ni ina yaro. Wata rana bayan sallar Azahar mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya ba ni wata 'yar takarda in kai wa wani amininsa maɗinki da ke zaune a can ƙarshen gari wajen gabas, ya ce in yi maza. Na soka takardar a aljihu na sheƙa da gudu. Amma ban yi nisa ba sai na ji kiɗan masu wasa da kura, na bi ayarin yara har bakin kasuwa, daga nan wani abokina ya ja ni kududdufi kallon masu kamun kifi, muka zarce filin da ake langa, ina ta gudu daga wannan wuri zuwa wancan, har sai da na ji ladan ya kira Magariba, sa'an nan na ruga gida ina haki, ƙafafuna sun yi buɗu-buɗu da ƙura. Na tarar da shi a zaure yana alwala. Tun bai ce kome ba na riga shi da cewa, "Wallahi Baba, tun da na fita ban zauna ba." Ya gama wanke ƙafarsa a natse, ya ajiye buta, ya dube ni ya ce, "Na ga alama, ga gumi nan. To, ina ka kai?" Na sa hannu a aljihu, sai ga takarda ta jiƙe sharkaf. Bayan shekaru masu yawa, ranar da malaminmu na kimiyya ya rubuta kalmomi biyu a allo ya ce mu bambanta su, sai na ga ashe tambayar zauren nan ce aka mayar da ita lissafi.

Asalin mas'alar shi ne, duk wanda ya yi tafiya ana iya auna tafiyarsa da ma'auni biyu mabambanta. Na farko shi ne tsawon hanya, wato jimillar duk ƙasar da ƙafarsa ta taka, da kwana-kwanarta da komawa bayanta, kamar a ce an bi sawunsa da igiya, sa'an nan a miƙar da igiyar a auna. Na biyu shi ne abin da zan kira gusawa, wato tazarar da ke tsakanin inda ya tashi da inda ya tsaya, a miƙe sak kamar harbin kibiya, haɗe da bayanin fuskar da ya gusa, ko gabas ko yamma, ko kudu ko arewa. Tsawon hanya adadi ne tsura, da zarar an ce kilomita kaza an gama magana, kuma ba ya raguwa har abada, kowane taku ƙara shi yake yi. Ita kuwa gusawa ba ta inganta sai da alƙibla, kuma tana ƙaruwa tana raguwa, har takan koma sifiri idan matafiyi ya dawo inda ya fito. Irin wannan adadi mai tafiya da alƙiblarsa shi ne masana lissafi suke kira bekta.

Ga misali mai sauƙi wanda za ku iya zanawa a ƙasa da tsinke. A ƙaddara wata yarinya mai tallar fura ta tashi daga rugarsu ta yi kilomita 3 gabas sak, ta kai wata mararraba, ta juya arewa ta yi kilomita 4, ta isa kasuwar ƙauye, duka cikin sa'a 2. Tsawon hanyarta kilomita 7 ne, babu jayayya. Amma da tsuntsu zai tashi daga rugar ya nufi kasuwar kai tsaye, kilomita 5 kawai zai yi, bisa ƙa'idar nan ta alwatika da aka jingina wa Fisagoras: 3 sau 3 tara ne, 4 sau 4 goma sha shida, jimla 25, wanda shi ne 5 sau 5. To, idan aka raba tsawon hanya da lokacin da aka ɗauka, abin da ya fito shi ne matsakaicin sauri: 7 a raba da 2, kilomita 3.5 a sa'a. Idan kuwa gusawa aka raba da wannan lokacin, abin da ya fito shi ne matsakaicin sauri mai alƙibla, wanda za ku ji ana kiransa felositi a aji: 5 a raba da 2, kilomita 2.5 a sa'a, ta fuskar arewa maso gabas, ya ɗan fi karkata ga arewa. Yarinya ɗaya, tafiya ɗaya, lokaci ɗaya, amma amsa biyu, kuma kowacce gaskiya ce a muhallinta, domin kowacce tambayarta daban.

Ku lura da kyau, wanda ya rubuta 2.5 ya yi shiru bai ambaci fuska ba, amsarsa ba ta cika ba. Kun sani a fiƙihu fuskantar alƙibla sharaɗi ne na ingancin salla ga mai iko, ta yadda mutum zai iya kyautata ruku'u da sujada, amma idan da gangan ya juya wa Ka'aba baya, sai a ce ya sake. Haka nan a wannan babi, lamba ba tare da fuska ba ba ta zama felositi, kome kyan lissafin da ya haifar da ita.

Yanzu mu shiga tashar mota, inda tarkon ya fi kama mutane. A ƙaddara wani direba ya ɗauki fasinja zuwa wani gari mai nisan kilomita 120. Da safe hanya babu cunkoso, yana tafiya kilomita 60 a sa'a, ya isa cikin sa'a 2. Da zai komo ya yi lodin buhunan hatsi, mota ta yi nauyi, sai 40 yake yi, ya ɗauki sa'a 3. Idan ka tambayi yaron motarsa matsakaicin saurinsu na yinin nan, nan take zai haɗa 60 da 40 ya raba biyu ya ce maka 50, kuma ɗalibai da dama haka suke rubutawa. Wannan kuskure ne. Hanyar da aka ci zuwa da dawowa kilomita 240 ce, lokacin da aka ɓatar sa'a 5, saboda haka matsakaicin sauri kilomita 48 ne a sa'a. Dalili kuwa, direban ya fi daɗewa a cikin tafiyar nawa fiye da ta sauri, don haka nawar ta fi rinjaye a ma'auni. Amma matsakaicin felositi na wannan yini fa? Motar ta kwana a inda ta tashi, gusawarta sifiri ce, sifiri kuwa ko da me aka raba shi sifiri ne. Ga mai ya ƙone, taya ta ci, direba ya gaji liƙis, agogon da ke ƙirga kilomita a gaban sitiyari ya ƙaru da 240, amma ta fuskar gusawa kamar motar ba ta motsa ba.

Kada ku ɗauka haɗa sauri biyu a raba biyu haramun ne a kowane hali. Yana da wuraren da ya halatta, sai dai a san sharaɗinsa. Ya halatta idan an ɗauki lokaci daidai wa daida a kowane sauri, kamar sa'a guda ana 60, sa'a guda ana 40. Ya kuma halatta a haɗa saurin farko da na ƙarshe idan abu yana tafiya a miƙe, saurinsa yana ƙaruwa a kan ƙa'ida ɗaya ba tare da fizga ba, kamar dutsen da aka saki daga saman bene. Wannan hukunci na biyu wasu malamai ne na kwalejin Merton da ke Oksfod a Ingila suka fitar da shi a ƙarni na 14, yana cikin rubutun ɗayansu, William Heytesbury, na shekarar 1335; bayan shekara ɗari uku Galileyo na Italiya ya kafa bayaninsa na faɗuwar abubuwa a kan irin wannan hukunci, a littafinsa da aka buga a 1638. Na kawo wannan ne domin ku ga cewa abin da ake ba ku a layi biyu na littafin aji, sai da masu hankali suka yi ƙarnoni suna tufka da warwara kafin ya zauna, saboda haka ba abin kunya ba ne idan ya ɗauke ku mako guda kafin ku fahimce shi.

Idan kuna son misali daga filin wasa, ku dubi masu tseren mita 10,000. Da'irar filin mita 400 ce, don haka sau 25 suke kewaya ta, su ƙare a wurin da suka fara, in ban da 'yan taku kaɗan. Ranar 7 ga Oktoba, 2020, a birnin Balensiya na ƙasar Sifen, Joshua Cheptegei ɗan ƙasar Yuganda ya gama wannan tsere cikin minti 26 da daƙiƙa 11, ya kafa tarihin duniya. Matsakaicin saurinsa ya haura mita 6 a kowace daƙiƙa, wato kusan kilomita 23 a sa'a, saurin da yawancinmu ba za mu iya riƙe shi na minti biyu ba. Amma matsakaicin felositinsa bai fi na tururuwa ba. Ita kanta wannan ƙasa da muke zaune a kanta, cikin ikon Mahalicci, tana kewaya rana da saurin kusan kilomita 30 a kowace daƙiƙa, tana cin hanyar kimanin kilomita miliyan 940 a shekara, sa'an nan ta komo gurbinta. A nan akwai wata faɗakarwa: da na ce ta komo gurbinta, ina nufin idan an auna daga rana, domin ita ma ranar tafiya take yi. Ashe ke nan kafin a yi maganar gusawa, wajibi ne a ayyana daga ina ake aunawa.

Misalin da ya fi burge ni kuwa yana cikin aikin Hajji, kuma duk wanda ya zauna gaban alhaji yana ba da labari ya san shi. Mai sa'ayi yana farawa daga Safa ya nufi Marwa, wannan ɗaya. Ya komo Safa, biyu. Haka har bakwai, ya ƙare a Marwa, yana koyi da Nana Hajara lokacin da take kai da komo tana nema wa jaririnta Annabi Isma'ila ruwa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Tsawon hanyarsa ninki bakwai ne na tazarar duwatsun nan biyu, gusawarsa kuwa ninki ɗaya tak, daga Safa zuwa Marwa. Saboda haka, ko ya yi sauri ko ya yi nawa, matsakaicin saurinsa ya ninka girman matsakaicin felositinsa sau bakwai cif. Shi kuwa mai ɗawafi, da yake daga saitin Hajarul Aswad yake farawa, a nan kuma yake cika kewaye na bakwai, gusawarsa sifiri ce. Akwai kuma wani darasi a cikin sa'ayin: tsakanin korayen alamomin nan biyu maza sukan yi sassarfa, sa'an nan su koma tafiyarsu ta al'ada. Saurin da mutum yake yi a daidai wannan wuri shi ne sauri na nan take, irin wanda allurar agogon mota take nunawa. Matsakaici kuwa hukunci ne da ake yankewa a kan tafiyar gaba ɗaya bayan an kammala, bai damu da inda aka yi sassarfa ko inda aka tsaya shan Zamzam ba.

Mai yiwuwa wani daga cikinku ya ce, to mene ne amfanin wannan tsefe gashi, me ya hana a tsaya ga sauri kawai a huta? Amsa ita ce, ita halitta da alƙibla take aiki. Ka tuna ranar da kake cikin mota ta shiga shataletale, allura tana tsaye cak a kan 40, amma ka ji jikinka yana rinjaya gefe har ka dafa kujerar gaba. Sauri bai sāke ba, fuska ce take sākewa a kowane lokaci, kuma sākewar fuska sākewar felositi ce. Ishaƙu Niyuton ya bayyana a littafinsa na 1687 cewa abu mai motsi zai ci gaba da tafiya a miƙe da saurinsa sai idan wani ƙarfi ya tilasta masa sauyawa. Jikinka miƙewa yake so ya yi, mota ce take karkatar da shi. Don haka ne mai tuƙa kwalekwale da zai ƙetare kogi mai ƙarfi yake nufar sama da mashigin da yake so, saboda ya san ruwa zai ja shi ƙasa, kuma don haka ne matuƙin jirgin sama ba ya wadatuwa da a ce masa iska tana da ƙarfi kaza, sai an gaya masa daga ina take busowa.

Ga abin da nake so ku riƙe idan kun shiga zauren jarrabawa. Kafin ku taɓa lissafi, ku zana tafiyar a gefen takarda, ku sa alama a mafari da maƙura. Ku karanta tambayar sau biyu ku tabbatar wanne ake nema. Ku haɗa dukan lokaci, har da na tsayawa hutu ko shan mai, domin agogo ba ya tsayawa don matafiyi ya tsaya. Idan tafiyar a kan layi ɗaya ce, ku zaɓi fuska guda ku ba ta alamar tarawa, kishiyarta ta ɗauki alamar ɗebewa, kada ku firgita in amsa ta fito da alamar ɗebewa, fuska kawai take nunawa. Daga ƙarshe ku gwada amsarku da wannan ma'auni: girman matsakaicin felositi ba ya taɓa wuce matsakaicin sauri, iyakarsa su yi daidai, wannan kuwa sai in an tafi a miƙe ba a karkata ba, ba a kuma juyo ba. Duk wanda ya sami akasin haka, to ya koma ya binciki aikinsa.

To, ya ku 'ya'yana, ga inda maganar take komawa kanmu. Na ga samari da yawa masu himma, waɗanda ba wanda zai zarge su da lalaci, amma bana yaro yana koyon ɗinki, baɗi ya bar shi ya koma gyaran waya, kafin ya iya riƙe abin aiki da kyau ya ji an ce kuɗi suna wajen sayar da atamfa, ya tsallaka can. Bayan shekara goma idan aka bi sawunsa da igiya za a sami hanya mai tsawon gaske, amma idan aka auna daga inda ya tashi zuwa inda yake, sai a tarar bai fi taku uku ba. Haka ɗalibin da yake buɗe littafi biyar a dare ɗaya, ya karanta shafi biyu a nan, uku a can, gari ya waye idonsa ya yi ja, bai mallaki babi ko ɗaya ba. Takwaransa mai tafiyar hawainiya, wanda ya lizimci fanni guda yana ƙara shafi a kan shafi, shi ne ake wayar gari a ga ya yi nisa, domin dukan takunsa fuska ɗaya suke kallo, babu wanda yake cinye ɗan'uwansa. Magabata da suka ce sauri ya haifi nawa, ina kyautata zaton irin wannan suka hanga. Saboda haka ku tsayar da niyya tukuna, ku nemi shawarar iyaye da malamai a kan inda ya kamata ku dosa, ku yi istihara, sa'an nan ku saki ƙafa. Gyaran alƙibla a bakin ƙofa ya fi sauƙi a kan gyaranta bayan an yi zango uku.

Amma adalci ya wajaba, kada ku fita daga wannan darasi kuna raina duk wanda ya komo inda ya tashi. Manomin da ya yini yana bin shanun huɗa, a ƙaddara tsawon gonarsa mita 50 ne ya tayar da kunya 40, ya taka mita 2,000, alhali bai gusa daga gefen da ya fara ba sai gwargwadon faɗin abin da ya huɗe. Wa zai ce ya yi aikin banza, ga kunyoyi sun jeru suna jiran iri? Direban nan ma da gusawarsa ta zama sifiri, ya sauke fasinja, ya kawo hatsi, ya ciyar da iyalinsa. Mahaifiyarku da take kai da komo tsakanin madafa da rijiya da ɗaki tun asuba, a gurbinta take kwana kullum, kuma a kan wannan kai da komon gidan yake tsaye. Mai ɗawafi kuwa, ladansa yana wurin Ubangijin Ɗakin. Waɗannan duka kai da komonsu shi ne ainihin aikin da aka sa su. Laifina a ranar nan ta takarda shi ne an aike ni wani wuri ayyananne ban je ba. Da kewaya gari aka sa ni, da na ci yabo. Hikima ita ce mutum ya san da wane ma'auni za a auna aikin da ke gabansa, kada ya kawo gumi a inda ake tambayar isowa.

Ina roƙonku, kowane dare kafin ku kwanta, ku yi wa kanku hisabi da tambayoyin nan biyu, kowacce daban: yau wace hanya na ci, kuma ina na kai daga inda na tashi da safe? Idan amsar farko ta yi tsawo ta biyu ta gajarta, ku duba ko aikin naku irin na mai huɗa ne, ku gode wa Allah. Idan kuwa irin na ɗan aiken da takarda ta jiƙe a aljihunsa ne, to gobe da asuba ku gyara fuska tun ba ku ɗaga ƙafa ba. Allah Ya ba ku ilmi mai amfani, Ya yi muku jagora a kan tafarki madaidaici, Ya sa ku fi mu.